Zaure Daban, Rumbu Daban

Hannun mutum ɗaya na taɓa karyawa a rayuwata, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba. Da muciya na karya shi, daidai wuyan hannu, ranar rabon taki a Kibiya. Yana nan da ransa, yana noma da hannun, sai dai an ce idan damina ta yi sanyi yana tunawa da ni. To, ya tuna.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Wannan da kuke karantawa daga bakina aka ɗauke shi, na kuma sa an karanto mini daga farko har ƙarshe, don kada a zuba mini gishirin da ban zuba ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Magana in ta shiga sau ɗaya ta sami wurin zama ke nan, ko bayan shekara goma ka neme ta zan ɗauko maka ita har da tarin da mai ita ya yi a tsakiya.

Mu mutanen Saji ne. Bayan rasuwar maigidana na dawo cikin garin Rano, na sami aikin shara da riƙon mukulli a ofishin wata ƙungiyar manoma da ta haɗa ƙauyukanmu da na Kibiya. Ɗaki biyu ne da baranda. Na daɗe a wurin kafin a kawo kwamfuta, da aka kawo ta kuma aka nemi wanda zai riƙe ta, sai rabo ya faɗa kan ɗan farina.

'Yan yanzu suna kiran sunan ɗan fari a tsakiyar kasuwa kamar masu tallan goro. Ni ba haka na taso ba. Tun ranar yaye kakarsa ta ɗauke shi, ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Ga shi ya yi gemu ya ajiye iyali, sai kuma aka haɗa mu ɗaki ɗaya kullum safiya. In zan share ƙarƙashin teburinsa sai in ce wa bango a ɗaga ƙafa. Shi kuma in ƙishi ya kama shi sai ya sanar da ƙofa cewa randa ta yi ƙasa. In dole sai na ambace shi, mai kwamfuta nake cewa. Sakataren ƙungiyar, wani magidanci ɗan Kibiya mai yawan waya da gaggawa, ya sha tsokanarmu, wai bangon ofishin nan ya kamata a ba shi muƙamin masinja, don ya fi kowa kai saƙo.

Aikin kwamfutar ɗaya ne, riƙe sunayen manoma. Sunan mutum, na ubansa, ƙauyensa, inda gonarsa take, abin da yake shukawa. In taki ya zo, wanda sunansa ke ciki shi ke ɗaukar buhu, wanda babu ya kora jakinsa gida wayam. A shekarar farko aradu ta faɗo kusa da ofis, kwamfutar ta lalace, aka kai ta Kano gyara, ta dawo lafiya lau amma ba ta san kowa ba. Mai kwamfuta ya sake bin ƙauyuka a kan babur, gida gida, har Durba da Nariya da rugagen da ke bayansu. Daga nan ya rantse ba zai ƙara zuba komai a tukunya ɗaya ba.

A cikin kwamfutar akwai wani abu da suke kira saba, shi ne mai tsaron sunayen. Ba a ganinsa, amma ba ya tashi sai an tashe shi, ba ya kwanciya sai an kwantar da shi. To sai aka raba masa gida biyu. Sunayen ya kwashe su ya zuba a wani ɗan baƙin akwati, bai fi sabulun wanki girma ba, mai igiya ɗaya da 'yar fitila koriya. Wannan ya sa masa suna rumbu. Umarnin da saba ke bi kuwa ya bar shi a cikin kwamfutar, a wani wuri na daban da ya kira zaure. Ko wuta ta ci zaure, in ji shi, hatsi yana nan.

Ba ni ya gaya wa ba, ina zai gaya mini. Sakatare yake koya wa, ni ina bayansu ina shara. Sau uku ya zaunar da shi, kuma duk ukun magana ɗaya ce.

"Malam, in za ka tashe shi, kada ka tashe shi haka kawai. Ka nuna masa zaure. A zaure takardar take wadda za ta gaya masa inda rumbu yake. In ba ka nuna masa ba tsohon gida zai nufa, can kuwa babu kowa sai sunayen gwaji. In ya riga ya tashi a can, kada ka ƙara tashinsa a kai, ƙofar ɗaya ce. Ka kwantar da shi tukuna, ka jira har ya ce ya kwanta. Kuma komai rintsi kada a zare igiyar rumbu yana farke."

Sakatare yana ta to, to, to, waya a kunne. A karo na uku mai kwamfuta ya gaji, ya rubuta layi biyu a 'yar takarda, ɗaya na kwantarwa ɗaya na tayarwa, ya manna ta a ƙarƙashin farantin haruffan nan da ake dannawa. Lokacin da yake faɗin inda ya manna, Sakatare ya riga ya kai baranda yana faɗa da wani direba. Ni da tsintsiyata muka ji. Kullum in na ɗaga farantin zan goge ƙasansa ina ganin takardar, layi ɗaya gajere, ɗaya dogo. Na san gajeren ne na kwantarwa, don na sha ganin yadda yake buga shi da yamma, taf taf taf, ya naɗe hannu ya jira.

Shekarar da nake ba ku labari taki ya yi latti. An yi shuka, masara ta fito har ta fara rawaya, mutane sun ƙosa. Da mota ta iso aka ce a siton Kibiya za a raba, don ya fi girma. Tun jajibere aka kwashi kwamfuta da rumbu da batura aka kai. Mai kwamfuta ya jona komai ya gwada, ya kwantar da saba, ya koma Rano don matarsa tana da tsohon ciki. Ni na kwana a Kibiya wurin 'yar ƙanwata, saboda ni zan tuƙa wa 'yan dako tuwo.

Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke kan hanya ya kawo, ya tsare masu babur a wancan ƙetaren, har da mai kwamfuta. Manoma kuwa ruwa bai hana su ba. Kafin rana ta ɗaga filin gaban sito ya cika, jakuna, amalanke, babura, mutanen Durba, mutanen Nariya, Fulanin da suka zauna suka kama noma, kowa a jiƙe, yawanci ba su karya kumallo ba. Ina bayan sito ina hura wuta da ɗanyen ice, ina jin hayaniya tana ƙaruwa. Sakatare ya kira mai kwamfuta a waya, ba ta shiga. Wani ɗan dako ya gaya mini daga baya cewa ya ji Sakataren yana faɗin ai ba wani abu ba ne, danne-danne ne kawai, shi ma ya iya. Da ina cikin ɗakin da na tare shi. Ina kan tukunya.

Ya tashi saba haka kawai, bai nuna masa zaure ba.

Mutum na farko a layi wani dattijo ne daga Nariya. Ya faɗi sunansa ta taga, Sakatare ya duba, babu. Na biyu babu. Na uku babu. Aka ce to su wa ke ciki, ya karanto wasu 'yan sunaye da ba su kai yatsun hannu biyu ba, waɗanda babu wanda ya taɓa jin masu su. Maimakon ya ce a dakata, tsoro ya kwance masa baki. Ya leƙa ta taga ya ce shi fa ba ruwansa, mai riƙe da na'urar shi ya san inda ya kai sunayen mutane. Wani daga baya ya ce ai ɗan Rano ne. Kafin maganar ta kai ƙarshen fili ta zama an goge mutanen Kibiya an sayar wa 'yan Rano takinsu.

Daidai nan mai kwamfuta ya iso. Na leƙo ta kusurwar sito da muciya a hannu, na gan shi, wando a naɗe, laka har gwiwa, yana murmushin ban haƙuri yana neman inda zai jingine babur. Bai jingine ba. Wani ya fizge shi ta wuyan riga ta baya, babur ya faɗi a kan ƙafarsa. Ya buɗe baki zai yi magana, aka sa masa rabin bulo a bakin. Na ji ƙarar daga inda nake. Daga nan ban ƙara ganinsa ba sai bayan mutane, da sanduna suna hawa suna sauka, da ƙotar fartanya, da ƙafafu. Masu dukan ba 'yan iska ba ne. Magidanta ne masu furfura a gemu, waɗanda na sha ba su ruwa a barandar ofis. Wani da bai sami wurin shiga ba ya zagaya yana dukan baburin. Hularsa ta fito daga tsakiyarsu tana birgima a cikin laka, wani jaki ya taka ta.

Da suka ɗan buɗe na gan shi. Fuskar ba tasa ba ce. Haɓarsa ta karkace gefe guda, jini yana zuba daga kunne, yana tofar da haƙora a kan ƙirjinsa. Suka ja shi a ƙasa suka ɗaure shi a ƙafar amalanke da igiyar jaki. Wani dogo mai jar hula ya durƙusa gaban baburin, ya zare tiyo, ya tsiyayi fetur a gorar ruwa. Fetur ɗinsa, na baburin da ya bi su gida gida da shi. Ana ta tambayar wa ke da ashana.

Za ku ce me na yi. Mata sun tambaye ni wannan har na gaji. Wata ta ce da ita ce da ta faɗa a kansa, su kashe su tare. Ai kuwa da sun kashe. Ba zan yi muku ƙarya ba, sunansa ya taso mini har maƙogwaro, sunan da ban taɓa faɗa ba, ya tsaya a nan kamar ƙashin kifi. Ƙafafuna suka ƙi gaba. Wasu sun ce kunya ce ta riƙe ni. Su faɗi abin da suke so. Abin da na sani shi ne kukan tsohuwa ba ya kashe fetur.

Wanda ya shiga tsakani wani tsohon Bafulatani ne daga rugagen bayan Durba, siriri kamar sandarsa. Ban san shi ba, bai san ni ba. Ya ratsa mutane a hankali, ya tsaya a kan mai kwamfuta, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya gitta sanda. Ya ce shi ma babu sunansa, shi ma masararsa tana rawaya, amma wanda zai kunna wuta sai ya haɗa da shi. Dutse ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido ɗaya, bai goge ba. Ya ce a tambayi mutumin tukuna. Aka tambaya. Ina bakin amsawa? Sai gurnani da kumfar jini. Mai jar hula ya ce ga shi nan ya kasa musu. Ya tuttula rabin gorar a kan rigar mai kwamfuta, har da ƙafafun tsohon.

Warin fetur ɗin ne ya kwance mini ƙafa. Sunayen da ba su kai goma ba, waɗanda babu mai su. Tsohon gida. Na juya na shiga sito ta ƙofar baya, na sa sakata.

Na tarar da Sakatare a tsugune bayan buhuna yana ta salati, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce ya tashi ya zauna a kujera. Ya ce Iya ki rufa mini asiri, babu komai a ciki, an goge.

"Wa ya goge? Da ka tashe shi, ka nuna masa zaure?"

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Na sake tambaya. Ya ce wane zaure. Na kama shi a kunne, magidanci mai mata da 'ya'ya, na ja shi har gaban tebur. Na kife farantin haruffa. Takardar tana nan, ta ɗan yi baƙi a gefe. Ya zura mata ido, ya fara buga dogon layin. Na maka muciya a kan tebur har kwamfutar ta girgiza.

"Gajeren tukuna, Malam Sakatare. Ƙofar ɗaya ce. Ka kwantar da shi, ka jira ya ce ya kwanta."

"Iya, babu lokaci."

"Ɗazu ma babu lokaci. Ga abin da ka haifa a waje."

Ya buga ba daidai ba, ya goge, ya sake. A waje an fara jifan taga. Wani dutse ya shigo ya fasa kofin shayin da ke kan tebur. Ina jin muryar tsohon nan, ba ya ɗaga ta, yana ta maimaita magana ɗaya da Hausa da Fulatanci. Ina jin wani yana cewa ashanar ta jiƙe, a nemo wata. Allah ya yi wa ruwan asubar nan albarka. Sakatare ya ce ga shi, saba ya rubuto wani abu. Na ce me ya ce. Ya ce ya ce ya tsaya. Na duba ɗan baƙin akwatin, igiyarsa a jone, koriyar fitila a kunne. Na ce to yanzu dogon, kuma ya karanta kowane harafi da baki kafin ya danna, in ya tsallake ɗaya ni da shi ne.

Yana gamawa fitilar ta fara ƙifta ido. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar ƙiftawar nan ba. Na san an isa rumbu, ana buɗewa. Sai dai bai fito da komai ba tukuna, yana ta juyi.

A nan ƙofar gaba ta ɓalle. Wanda ya fara shigowa wani ƙato ne mai faɗin ƙirji, riga a yage, yana cewa a fito da na'urar a ƙona ta tare da mai ita. Mutum huɗu ko biyar a bayansa. Na tsaya gaban tebur. Ya ce tsohuwa kauce. Na ce ya ba ni numfashi goma kawai. Ya ture ni da kafaɗa, na bugi bango, bakina ya fashe. Abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne igiyar rumbu. Ya miƙa hannu, yatsunsa har sun naɗe ta.

Na shekara nawa ina tuƙa tuwon gidan biki da muciyar nan. Ta icen ƙirya ce, ta sha wuta ta sha miya. Na ɗaga ta da hannu biyu na sauke a wuyan hannunsa. Ƙarar kamar an taka busasshen karan dawa. Hannun ya lanƙwashe ta inda ba ya lanƙwasuwa, ya saki igiyar, ya durƙusa yana kuka irin na ɗan maraƙi. Na bayansa ya kawo mini sanda, ta same ni a kafaɗa, har yau ba na iya ɗaga tulu da wannan ɓangaren. Ban faɗi ba. Na sake ɗaga muciya na ce mai so ya matso, hannu biyu-biyu Allah ya ba kowa, akwai saura. Suka tsaya suna kallona. Ina jin ba su taɓa ganin tsohuwa da jini a haƙora tana dariya ba.

Sai Sakatare ya ce da wata 'yar murya, "Sun dawo."

Na ce ya faɗa wa mutane. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na ce to ya karanto mini, ni zan kira. Na ce waɗanda suka ɓalle ƙofa su jawo mini buhun taki bakin ƙofa, kuma suka jawo, ban san dalili ba. Na hau. Muryata kuwa an san ta, tun ina budurwa in na yi guɗa a Saji ana ji a ƙauyen gaba.

Da dattijon Nariya na fara, wanda aka fara cewa babu shi. Na kira sunansa, na kira na ubansa, na faɗi inda gonarsa take da abin da ya shuka. Fili ya ɗan lafa. Na kira na biyu, na kira na uku. Ina kira ina kallon gindin amalanke, mai jar hula yana tsaye da gora a hannu ɗaya, wani ya miƙo masa ashana busasshiya. Na tambayi waɗanda ke kusa da ni sunansa, aka faɗa, Sakatare ya nemo. Na kira shi da ƙarfin da na ajiye tun safe, shi da ubansa.

"Gonarka tana bakin fadama, masara da shinkafa. Ƙarya ne? Ga sunanka a ciki. Wanda ka jiƙa da fetur shi ya je har ƙofar gidanka ya rubuta shi. Kunna mana. Kunna, in ka gama ka zo ka ɗauki buhunka, ga shi ina tsaye a kai."

Ya dubi gorar kamar wani ne ya sa masa ita a hannu. Ya dubi na kusa da shi, su kuma kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya sunkuya ya ajiye ta a hankali. Tsohon Bafulatanin ya sa ƙafa ya kifar da ita, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar jaki.

Ban daina kira ba, don na san in na yi shiru shaiɗan zai sami wurin magana. Na kira Durba, na kira rugage, na kira tsohon da kansa, ya ɗaga sanda bai juyo ba. Na kira ƙaton da na karya, yana zaune a ƙasa rungume da hannu, shi ma yana ciki, gero da wake. Abin da ya fi ba ni haushi a ranar, ya fi dukan, shi ne abin da ya biyo baya. Suka yi layi. Mutanen nan da jinin mai kwamfuta a ƙafafunsu suka gyara tsayuwa, kowa yana cewa shi ne a gaba.

Wasu 'yan dako suka ɗauke shi a kan buhu wayam suka sa a bayan wata a-kori-kura, tsohon ya shiga ya tallafe masa kai, suka nufi asibiti a Rano. An ce in shiga. Na ce a tafi. Wannan ma mata sun riƙe shi, wai an tafi da ɗa rai a hannun Allah uwa tana tsaye kan buhu. Ba su san abin da na sani ba. Saba yana farke, duk buhun da aka ɗauka yana rubutawa a rumbu, Sakatare kuwa na ga idonsa, da na juya baya zai zare komai ya gudu. In sunayen suka lalace a ranar, gobe za a ce da ma ya goge, kuma asibitin ba shi da nisa ga masu son ƙarasa shi.

Na tsaya a kan Sakatare da muciya har buhun ƙarshe, bayan la'asar. 'Yan sanda sun zo sun tafi da wasu, tuwo ya ƙone a tukunya, 'yan dako suka yini da yunwa. Da aka gama Sakatare ya kai hannu zai kashe wuta. Na ɗaga muciya kaɗan, ya janye. Ya buga gajeren layin ba tare da na ce komai ba. Muka jira. Ya ce ya tsaya. Fitilar ta daina ƙiftawa. Ni da kaina na zare igiyar, na ƙulle akwatin a haɓar zanena.

Na isa asibiti ana kiran magariba. Matarsa tana bakin gado da cikinta, idonta ya kumbura da kuka. An ɗaure masa haɓa, an naɗe kai, ido ɗaya ne kawai a waje. Ta ce likita ya ce zai tashi, sai dai kunnen hagu da wuya ya ƙara ji, kuma haka aka yi, har yau ta dama ake yi masa magana. Daga baya dattawan Durba da Nariya sun zo har gida ban haƙuri, ya yafe musu da baki a ɗaure. Wannan tsakaninsu ne. Da suka juyo kaina wai in ce wani abu a kan hannun da na karya, na ce a gaishe shi.

A ranar dai na tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, ban ƙarasa ba. Idon nan ɗaya ya same ni, ya sauka kan bakina da ya kumbura, ya koma kan muciya, don ashe har lokacin tana hannuna. Na kwance haɓar zane, na miƙa wa matar akwatin ta ajiye masa kusa da hannu. Na juya na fuskanci bango.

"A gaya wa mai kwamfuta sai da ya ce ya kwanta aka zare igiya."

Na ji gadon ya motsa. Matar ta ce wai yana son yin dariya ne, kuma an hana shi. Na ce to a gaya masa ya bari. Na nemi buta na fita alwala.